Daminar da Tsakuwa Ta Zama Tawa

Shekaranjiya da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, iska ta fara kaɗa darbejiyar ƙofar gida, sai na ji ƙafafuna suna son tashi da gudu. Ni da yanzu sai an kama ni nake miƙewa! Babu shanya ko ɗaya a tsakar gidan, amma jikina bai sani ba. Matar jikana tana gindin murhu. Ta kwance bakin buhu irin na manyan injinan nan na yanzu, ta ɗebi shinkafa kwano biyu, ta ɗauraye sau ɗaya ta juye a tukunya.

Na ce, "Ke, ba ki regewa?"

Ta ce, "Inna, mi za a rege? Inji ya tsince."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Inji ya tsince! To ku matso ku ji daminar da mu ne injin.

Ni ce Kulu, wadda ake kira Ta-Gulma, don a Gulma aka haife ni, aure ya kawo ni Argungu. Ban zauna gaban allo na boko ba ko yini ɗaya, amma in na damƙi shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, na murza a tafin hannu na kai hanci, zan faɗa maka fadamar da ta fito. Sana'ata gumi. A jiƙa shanshera ta kwana a ruwan ɗumi, a turara ta a rabin ganga har bakinta ya tsage, a shanya, a kai inji ya cire ɓawo, a bakace. Uwata ta yi, kakata ta yi da turmi. A unguwarmu in aka ce gumin Ta-Gulma ne, ba a tambayar komai kuma.

Da aka ba mu jiharmu, Birnin Kebbi ta cika kamar ranar idi, kuma idin ya ƙi watsewa. Ma'aikata suka yi ta zubowa daga Sakkwato, katifa a kan mota, bokiti a hannu. Ɗakin haya ya yi wuya, wasu a shago suke kwana, iyalansu na can baya. Namiji kuwa ba mata a kusa, ai cikinsa na hannun mai abinci. Cikin masu abincin da suka biyo su da tukwanensu akwai Luba, wata doguwa mai murya kamar ta mai shela, ta kafa rumfa a bakin ofisoshin gwamnati. Ranar farko da ta dafa gumina, ta aiko a nemo ni.

Kai, duniya ta yi daɗi a shekarun nan! Daga ganga ɗaya na koma huɗu. Duk mako sai na hau a-kori-kura, ina zaune a kan buhunana kamar sarauniya, mu wuce Ambursa mu shiga birni. Da Luba ta ɗauka, sauran masu rumfunan layin su ma sai su ɗauka, don ita suke kallo. Matan unguwarmu suka samu abin yi, wannan na ɗebo ruwa, wannan na hura wuta, wannan na juya shanya da ƙafa. Da yamma kowace ta koma gida da tsakin shinkafa na tuwo da dusa ta awaki. Babbar cikinsu Gwaggo Inno, yayar maigidana, tsohuwa mai baki kamar reza, wadda ba ta taɓa ganin ƙwayar hatsi a ƙasa ta wuce ba.

Yadda muka gada shi ne, da kaka ka sayi shanshera tana arha ka tara, ka jira damina. In rumbuna suka yi ƙasa, shinkafa ta yi tsada, sannan ka fito da taka. Bai taɓa saɓawa ba tun ina goye. A wannan kakar sai na ce bari in yi babba. Na sayar da saniyata ja, wadda na raina tun tana maraƙa, na zuba duka a shanshera. Ko a lokacin ta ɗan hau, don manoma na kukan gwamnati ta fara janye hannu daga taki, sai dai su saya a kasuwa. Ban damu ba. Na cika ɗakina, na cika na Malam maigidana, har sai da ya kwashe homarsa da gorarsa ta kamun kifi ya koma zaure yana gunguni.

Ana nan sai wata safiya Malam ya shigo da rediyonsa a kunne, ya ce, "Ta-Gulma, kin ji? Soja sun buɗe ƙohwa. Da an hana shigowa da shinkahwar waje, yanzu an ce duk mai kuɗi shi shigo da ita, kasuwa ta raba gardama."

Na ce, "Shinkahwad da ta yi wata da watanni cikin jirgin ruwa ita za ta kara da ta hwadamar Rima? Su kawo!"

Suka kuwa kawo.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda kaza ke buɗe baki a inuwa. Randa ta zama kamar an dafa ruwanta. Ina ta jiran shinkafa ta hau, ta ƙi hawa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, maza suka fita shuka, shinkafa na nan inda take. A kasuwar birni kuwa fararen buhuna masu zane a jiki sun fara hawa kan juna a shaguna, har wasu ta hanyar iyaka suke zuwa a kan babura.

Ranar da abin ya fashe, na sauke buhunana a gaban rumfar Luba kamar kullum, na yi sallama. Ba ta tashi ba. A bayanta na hango farin buhu a jingine, an kwance bakinsa.

Ta ce, "Ta-Gulma, mai da kayanki. Jiya wani akawu ya tauna tsakuwa cikin shinkahwarki, haƙorinai na gaba ya rabe biyu. Da jini ya tashi nan. Abokanai duk sun koma rumhwar can ta ƙarshe, mai dahwa 'yar waje."

Nan ne na yi kuskuren da har gobe in na tuna nake jin kunya. A wurinmu, tun da aka halicci shinkafa, tsakuwa ta mai dafawa ce. Ana bugun shinkafa a ƙasa, ana shanya ta a ƙasa, ina za ta rasa tsakuwa? Mai gumi ta turara da kyau, ta auna da gaskiya, nata ya ƙare. Mai girki ita ke ɗaukar ƙwarya ta zuba ruwa ta rege, tana karkaɗawa shinkafa na gangarawa, tsakuwa na zama a gindi. Da wannan ake gwada amarya. In miji ya tauna tsakuwa, ba wanda zai tambayi wa ya sayar, sai dai a ce wace ce ta dafa. Don haka da Luba ta faɗa mini haka a gaban mutane, sai na ji kamar ta ɗauki kashinta ta shafa mini.

Na riƙe ƙugu na ce, "Luba, wace uwa ta raine ki da ba ta koya miki rege ba? Ki hwasa ma mutum haƙori da ƙyuyarki, ki ce ni?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Uwata ta koya min. Amma wagga," ta daki farin buhun da ludayi, "ba ta tambayi uwata ba. Daga buhu sai tukunya. Sauka lahiya."

Babu rumfa ɗaya da ta ɗauki kwano a hannuna ranar. Na koma Argungu da kayana, mai mota yana ta tsaki don man fetur ma a lokacin sai an sha layi.

Sai damina ta kankama. Wanda bai ga tsakiyar damina a gidan talaka ba bai san yunwa ba. Gero ya ƙare a rumbuna, na gona bai wuce gwiwa ba, gulbi ya cika ya yi ja, kifi ya bazu cikin ciyawa ba ya kamuwa. Gidaje suka koma kwaɗon rama da tafasa, a murza ƙuli kaɗan a kai. Matan da ke yi mini aiki sukan leƙo da safe, su ga murhu huɗu a sanyaye, gangunan a kife, su gaishe ni su juya. Na san tsakin nan da suke komawa da shi, shi ne tuwon daren ɗiyansu. Ni kuma ina kwance a kan dukiya, ɗaki biyu cike, rufin ɗaya ya fara yoyo, shanshera ta fara warin sanyi. 'Yan kasuwa suka zo suka taya, tayin da ko ƙafar saniyata ba zai mayar ba. In na sayar a haka, na gama gumi ke nan har abada. In na bari, ruwa ya gama da ita.

Gwaggo Inno ce ta shigo wata rana da ƙulli a bakin zane. Ta kwance ta zuba a faifai. Shinkafar waje ce, gwangwani ɗaya.

Ta ce, "Tashi mu ga kishiyar sana'arki ido da ido. Kin zamna kina kumburi awa kwaɗo."

Muka dafa rabi. Wallahi kamar ka tauna auduga, ba ƙamshi ba maiƙo. Na ce, "Kin ji ko, Gwaggo? Wagga ce za ta kore ni?" Ta ce, "Ci da baki ba shi ne ba. Nemo min tsakuwa." Na ja faifan gabana da sauran rabin, na bi ta ƙwaya ƙwaya da yatsa. Na sake bi. Babu. Ko ƙanƙanuwa babu.

Ta ce, "Luba na ciyad da bakin da ba su ƙirguwa kahin azahar. Tun asuba take rege taki, hannunta cikin ruwa har shi yi hwari. Ke in anka ba ki wadda ba a regewa, kina tsayawa jin ƙamshi?"

Washegari na ɗaura zanena mai kyau, na sayi goro, na hau mota ba buhu ko ɗaya. Tun da nake ban taɓa durƙusa wa wadda na girma ba, ranar na yi. Na ce, "Luba, bakina ya yi min sauri. Uwarki ba ta yi min komi ba. Ki ba ni tukunya guda."

Tana juya miya ta ce, "Tukunya guda. Ranar Litinin ta sama. Amma ki ji: ban regewa, ban tsinta. Daga buhunki sai ruwan zahi. Kuma kina tsaye nan sanda za su ci. In anka ji ƙas sau guda, ko gaisuwa kar ta sake haɗa mu."

Na ce na yarda. Sai da na hau mota na tuna ban san yadda zan yi ba.

Kafin mu kai Ambursa na gano. In tsakuwa ta zama tawa, to regen ma nawa ne. Kuma ba bayan inji ba, don shinkafar da aka cashe in ta sha ruwa ta lalace. Tun tana cikin ɓawonta za a rege ta.

Da sassafe na buga ƙofofi. "Ku hito da ƙorenku! Gulbi za mu!" Muka jera da buhun shanshera a ka, muka sauka bakin ruwa inda yake da tsabta, muka shiga har gwiwa. Kowace da ƙwaryarta, a ɗiba, a nutsa, a karkaɗa. Marar ƙwaya ta taso sama ruwa ya tafi da ita, mai kyau ta gangara cikin kwando, a gindi kuwa sai ga su, baƙaƙe da jajaye da farare masu kama da shinkafar kanta, waɗanda su ne masu fasa haƙori. Muna tara su a kwanon sha, ƙas, ƙas, ƙas. Ruwa da sanyi, yunwa na cizo, bayanmu kamar zai tsinke, amma sai ga mata na dariya, don an daɗe ba a haɗu a kan aiki ba. Masunta na wucewa a jirage suna mana tsiya.

"Ta-Gulma! Zinari kuke nema?"

"Haƙorin akawu muke nema! Kun gan shi?"

"Shinkahwa da ɓawo ake regewa? Yunwa ta taɓa ku!"

Gwaggo Inno ta ɗaga kai ta ce, "Kai da ka kwan ukku ba ka kamo ko tarwaɗa ba, wuce ka ba mu wuri!"

Da muka tashi, kwanon ya kusa cika. Na ɗaga shi na jijjiga, na ji nauyinsa. Ashe duk wannan nake aunawa mutane shekara da shekaru ina taƙama.

Muka jiƙa ta kwana. Da safe muka hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi na sa mu hawaye, har ƙamshin nan na gumi ya tashi ya cika unguwa, mutane suka fara leƙowa ta katanga. Saura shanya. A da sai mu share fili mu baza a ƙasa. Yanzu na ce ƙwaya ɗaya ba za ta taɓa ƙasa ba. Muka bi gida gida muna aron tabarmi, har waɗanda ake kwana a kai. Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da tasa ta zaure a ƙarƙashin shinkafa, ya tsaya ya kalla, ya koma.

Rana ta buɗe, muna juyawa da hannu, muna kallon sama. Can bayan azahar iska ta sauya. Wata ta ce, "Ga shi nan!" Hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, tsawa ta fashe a kan gulbi. A da in haka ta faru, tsintsiya kowa ke rarumowa, a share a tara a kwashe, rabi ruwa ya riske ta. Ranar sai na ji bakina na cewa, "Ku kama kunnuwan tabarmi! Biyu biyu!" Muka kama, muka naɗe, muka ruga. Mata na karo a ƙofar ɗaki, ɗankwali na faɗuwa, wata na salati wata na ƙyaƙyata dariya. Kafin ɗigon farko ya zama ruwa, duk tana ciki. Ba mu taɓa kwashe shanya da sauri haka ba.

Ina tsaye ina haki, sai na waiga. A wajen gudun, wata tabarma ta zubar da kamar kwano guda a bakin ƙofa. Gwaggo Inno ta riga ta share ta tas da tsintsiya, ta tara a faifai, ga ta nan ta nufo tulin mai tsabta za ta juye. Hannunta ne ke yi, ba ita ba. Haka ta yi duk rayuwarta.

Na yi tsalle na riƙe faifan. "Gwaggo! Kar ki zuba!"

"Sakar min! Abinci na, a wagga yunwa!"

"Ta taɓa ƙasa!"

"Ke ma ƙasa za ki koma, marar kunya!"

Muna ja, ruwa na dukanmu, ni da yayar mijina, mata sun yi cirko-cirko. Sai ta dubi faifan. Ga tsakuwa nan a fili, uku, huɗu, a saman shinkafar. Ta saki. Ta ce, "To, ita wagga tuwonmu ta." Daren nan gidaje uku suka ci daga faifan nan, kowace ta rege nata.

Kwana biyu muna wasan ɓuya da hadari kafin ta bushe. A wajen inji ma ban yarda ba. Na sa mai injin ya kakkaɓe cikinsa, na share ƙasan da kaina, na shimfiɗa zanen gadona a inda take zubowa. Ya ce, "Hajiya, shinkahwa ce ko jinjiri?" Na ce, "Tada injinka." Muka bakace, sannan muka zauna da fayafai muka bi ta da ido har idanunmu suka yi yaji. Buhu ɗaya tak, aikin da a da zai fitar da huɗu. Ba zan ɓoye muku ba, da yawa daga masu gumi na wancan lokaci ba su iya wannan wahala ba, sun kife gangunansu sun koma sayar da 'yar waje a kwano, kuma ban ga laifinsu ba.

Litinin ta zo. Luba ta kwance buhun a gabana, ta ɗiba ta zuba a tafasasshen ruwa, ko kallon ta ba ta yi ba. Da tururi ya tashi, wani mai gadi daga can bakin ƙofa ya ɗaga hanci ya ce, "Yau ta gida anka dahwa?" Azahar ta yi, ma'aikata suka fito suka cika bencuna. Luba ta nuna mini da baki wani siriri mai farar riga. Shi ne akawun. Ita ta aika a kira shi, ta ce yau kyauta zai ci.

Na tsaya jikin ginshiƙin rumfa, ban ga fuskar kowa ba, muƙamuƙai kawai nake gani. Akawun ya fara a hankali, da gefe ɗaya, kamar mai taka ƙaya. Loma ɗaya. Biyu. Ya dubi kwanon, ya gyara zama, ya fara kai hannu da sauri. Wani ya ce a ƙaro masa. Wani ya ce, "Luba, ina kika ɓoye wagga?" Zuciyata ta fara sauka.

Sai na ji ƙas.

Daga bakin akawun. Duk rumfar ta ji. Ya tsaya cak, ya dafe kunci. Ludayi ya tsaya a hannun Luba. Ni kuwa na ga saniyata, na ga ɗakuna biyu, na ga matan nan a gulbi har gwiwa. Ya sa yatsu biyu a baki ya zaro abin, ya ajiye a kan benci.

Luba ta riga ni isa. Ta ɗauka, ta goge da bakin zane, ta ɗaga shi a haske, ta juya. Fari ne, mai rami a tsakiya. Guntun ƙashi, daga naman miyarta.

Rumfar ta kece da dariya, har da akawun, yana nuna giɓinsa. Luba ba ta yi dariya ba. Ta jefar da ƙashin, ta juyo gare ni.

"Buhu nawa gare ki irin wanga?"

Na ce, "Shi ke nan guda. Sauran na cikin ɓawonsu."

Ta ce, "To mi kike yi tsaye nan?"

Ban san lokacin da na kai tasha ba. Takalmina ɗaya ma a rumfar na baro shi. Ruwa ya kama mu a hanya, ina bayan a-kori-kura ba rufi, na jiƙe sharkaf, ina ta buga wa direba jikin mota ya ƙara wuta. Da muka shiga Argungu ban tsaya sallama ba. Tun daga bakin lungu na buɗe murya, yadda duk unguwa za ta ji:

"Gwaggo Inno! A tada gangunan nan, duk huɗun! A hito da ƙore!"